Gawayi da Tafki: Daga Dajin Fontainebleau zuwa Hanyar Zurmi da Ƙaura

A ƙarshen watan Maris na shekarar 1853 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ƙasar Hausa ta sani da Abdulkarim, ya iso Zurmi daga Katsina cikin ayarin Galadiman Sakkwato. Bazara ce, gulabe sun janye, sai rairayi da 'yan guraben ruwa nan da can. Daga Zurmi suka wuce Badarawa, wadda yau ke cikin ƙaramar hukumar Shinkafi, suka tarar kasuwa na ci, auduga jibge. Daga nan sai Sansanin Isa, inda kowa ya cika salkarsa, domin dajin Gundumi ne a gabansu. Sa'a 26 suka yi suna tafiya ba zango, ga tsoron harin Gobirawa, ga ƙishirwa, kafin su fita dajin su iske Sarkin Musulmi Aliyu Babba a sansaninsa na Gawasu. Shekara 29 kafin haka, a 1824, Hugh Clapperton ya sha irin wannan wuya a dajin guda, shi ma kuma ya bi ta Zurmi a hanyarsa ta komawa. Wanda ya karanta labarin tafiyar mutanen nan zai ga ruwa ne ke tsara musu zango. Inda tafki ya rage, ko rijiya ba ta ƙafe ba, nan ake sauke kaya, ko da garin da ake so yana can gaba.

Bayan 'yan makonni, a watan Mayu na wannan shekara, aka buɗe babban baje kolin zane-zane na birnin Paris, wanda suke kira Salon. Cikin abubuwan da aka rataye akwai hoton wani ɗan tafkin ƙauye, tafkin Gylieu kusa da Optevoz, gabas da birnin Lyon, aikin Charles-François Daubigny. Ruwa ne kwance, da ciyayi a gefe, da tsuntsaye masu dogayen ƙafafu tsaye a ciki, shi ke nan. Sarkin Faransa Napoleon na Uku ya saye shi, yau kuma yana gidan adana zane na birnin Cincinnati a Amurka. Da fenti aka yi wannan, amma shi da 'yan'uwansa ne suka share fage ga abin da ya biyo baya: shekaru kusan 40 da masu zanen Faransa suka yi suna zama a bakin tafkunan karkara da ɗan sandan gawayi a hannu.

Kafin wannan zamani ba a ɗauki irin wannan hoto bakin komai ba. Hukumar masu zane ta Faransa ta jera ayyuka daraja-daraja. A sama akwai zanen tarihi, wato labaran addini da na yaƙi da tatsuniyoyin Girkawa da Romawa, sannan hoton manyan mutane, can ƙasa kuma zanen daji da fili. Ko da aka ƙirƙiro gasar zanen fili a 1817, sharaɗin shi ne a sa wani labari na mutanen dā a ciki, itatuwa da ruwa su zama ado kawai a bayansa. Matashi mai neman suna sai ya tafi Italiya ya zano kufan Romawa. Tafkin da shanun ƙauyensu ke sha bai isa a ɓata masa takarda ba.

Waɗanda suka karya wannan ƙa'ida sun taru ne a wani ƙaramin ƙauye mai suna Barbizon, a bakin dajin Fontainebleau, kimanin kilomita 60 kudu da Paris. Jagoransu Théodore Rousseau ya sha kora. Tun daga 1836 alƙalan Salon suka yi ta mayar masa da aikinsa, bai sake shiga ba sai 1849. A shekarar ce Jean-François Millet ya gudu daga annobar kwalara ta Paris ya tare a ƙauyen da iyalinsa, a shekarar ce kuma jirgin ƙasa ya iso yankin, sai matasan masu zane suka riƙa zuwa suna kwana a masaukin Ganne, da safe su shiga daji da jaka a baya. Camille Corot kuwa yana da nasa ruwan a ƙofar gida, domin mahaifinsa ya sayi gida a Ville-d'Avray a 1817, a bakin tafkunan garin, ya kuma yi ta zana su har tsufansa. Daubigny ya fi su duka son ruwa. A 1857 ya mayar da wani kwalekwale ɗakin aiki, yana bin kogi yana zane daga ciki.

Wani abu game da dajin Fontainebleau zai ba mutumin arewacin Zamfara sha'awa. Daji ne na rairayi da duwatsu, ruwan gudu ya yi ƙaranci a cikinsa. Tafkunansa, irin su Mare aux Fées, ruwan sama ne da ke taruwa a kwarmin falalen dutse, ya cika idan an yi ruwa, ya janye idan an yi fari. Wato ruwan da ya ja hankalin mutanen nan ɗan'uwan namu ne, ruwa mai zuwa da tafiya, wanda sai ka san lokacinsa kafin ka same shi. Sun so wurin har suka yi faɗa a kansa. Rousseau ya kai ƙara kan saran tsofaffin itatuwa da fasa duwatsu, kuma a ranar 13 ga Agusta 1861 aka fitar da doka da ta keɓe hekta 1,097 na dajin, aka hana sara a ciki saboda masu zane. Ana lissafa wannan cikin matakan farko a duniya na kare daji don kyansa kawai. Ina ganin wannan ya fi kowane hoto da suka yi nauyi, domin ya nuna cewa wanda ya zauna ya dubi wuri da kyau har ya zana shi, da wuya ya yi shiru ranar da aka zo da gatari.

Shi gawayi tsohon kayan aiki ne a ƙasar Faransa. A kogon Chauvet da aka gano a kudancin Faransa a watan Disamba 1994, akwai dawakai da zakuna da aka zana da gawayi fiye da shekara 30,000 da suka wuce. Wajen shekarar 1400 wani Ba'italiye mai suna Cennino Cennini ya rubuta yadda ake yin na zane: a yanka rassan itacen wilo mai fitowa a bakin ruwa, a ɗaure su dami-dami, a sa a tukunya a liƙe bakinta don kada iska ta shiga, a kai tandar mai burodi ta kwana. Har yau dabarar ba ta canza ba, ko da wilo ko da reshen inabi. Matsalarsa ɗaya ce, ba ya zama. Hannun riga ya goge shi, iska ta kwashe shi. Saboda haka ƙarni da ƙarni ana amfani da shi ne wajen fitar da siffa a kan ƙyalle kafin a shafa fenti, aikinsa ya ƙare a binne shi. Sai a ƙarni na 19, da aka ƙware wajen narkar da ƙaro cikin sinadarin barasa a fesa a kan takarda ya kama ƙurar, sannan zanen gawayi ya zama abin da za a sa wa gilashi a rataye, a kuma sayar.

Yadda suke zana tafki da shi abin a tsaya a duba ne. Mai zane ba ya farawa da layi. Yakan kwantar da gawayin a gefensa ya shafe saman takarda mai ɗan kaushi, sannan ya bi da tsumma ko tafin hannu har wurin ya koma toka-toka, sama ke nan. Ya danna hannu sosai inda duhuwar itatuwa take, ya ja duhun nan ƙasa a miƙe, domin inuwar itace a ruwa tsaye take sauka. Bayan haka ne ainihin aikin ke farawa. Zai ɗebo tsakiyar burodi mai laushi ya mulmula ta tsakanin yatsu ta yi tsini, ya riƙa ɗauke baƙin da ita, kamar yadda mace ke goge bayan tukunya da toka har farin ƙarfe ya bayyana. Ja ɗaya a kwance cikin inuwar nan, sai ka ga fuskar ruwa ta fito, ta kwanta. 'Yan ɗige-ɗige, sai ga ganyen bado. Farin da ke cikin hoton duka takardar ce da kanta. Shi ya sa gawayi ya dace da tafki fiye da kowane abu: ruwan da ba ya gudu ba shi da launi nasa sosai, abin da yake da shi haske ne da duhu, su ne kuma iyakar abin da gawayi ke iya faɗa. Ga shi da sauri. Hasken asuba a kan ruwa ba ya jiran mai haɗa fenti.

Mutum uku suka fi shahara a wannan fanni. Maxime Lalanne, ɗan birnin Bordeaux, ya fitar da ɗan littafi kan zanen gawayi a 1869. Auguste Allongé, wanda aka haifa a 1833, ya fitar da nasa a 1873, ya kuma ƙare rayuwarsa a Marlotte, a gefen dajin Fontainebleau, yana zana tafkunansa da itatuwansa. Darussansa sun shiga makarantu da gidaje, an fassara su zuwa Ingilishi, har ya zama 'yan makaranta a Ingila da Amurka suna kwaikwayon tafkin Faransa da ba su taɓa gani ba. Na ukun, Adolphe Appian na Lyon, shi ne a ganina ya fi su jin ruwa. Ya haɗu da Corot da Daubigny a farkon shekarun 1850, ya koma yankin Bugey yana zana ƙoramu da fadamu, sau da yawa da mutum ɗaya tak a bakin ruwa, mai kamun kifi ko mai wanki, ƙarami ƙwarai a ƙarƙashin itatuwa. Shi da Allongé duk sun rasu a 1898. Kafin lokacin, yayin ya fara wucewa, masu launi mai haske sun karɓe kasuwa.

A shekarar da aka haifi Allongé aka haifi wani mai zane, Édouard Riou, kuma ta hannunsa ne wannan labari ya iso ƙasarmu. Riou ya iya zanen daji da ruwa irin na zamaninsa, amma abincinsa a wajen masu buga littattafai yake. Shi ya yi hotunan littafin Jules Verne na farko, labarin ƙage na Turawa uku da suka ratsa Afirka cikin balan-balan har suka bi ta kan Tafkin Chadi. Ya yi wa mujallar tafiye-tafiye ta Le Tour du Monde aiki shekara da shekaru. Matafiyi zai dawo da 'yan zane-zanensa na gaggawa da hotuna da labarin baka, Riou ya zauna a Paris ya mayar da su cikakken hoto, masu sassaƙa su kwafe shi a kan katako ko ƙarfe don ɗab'i.

Ɗaya daga cikin matafiyan shi ne hafsan soja Parfait-Louis Monteil. A ranar 5 ga Agusta 1890 Ingila da Faransa suka ja layi a takarda daga Sayi a bakin Kwara zuwa Baruwa a bakin Tafkin Chadi, suka ce arewa ta Faransa, kudu ta Ingila, alhali babu ɗayansu da ya san abin da ke kan layin. Aka turo Monteil ya gani. Ya tashi daga Saint-Louis ta Sanigal a watan Oktoba 1890, ya bi ta Segu da Wagadugu da Dori, ya haye Kwara a Sayi, ya biyo ta Argungu ya shiga Sakkwato a watan Oktoba 1891, zamanin Sarkin Musulmi Abdurrahman. Daga nan ya ɗauki hanyar Kano wadda ke ratsa Zamfara ta wajen Ƙaura, ya isa Kano a ƙarshen Nuwamba, ya wuce Kukawa, ya ƙetare Sahara ya fita Tarabulus a watan Disamba 1892. Shekarun annobar shanu ne, wadda ta share garkunan Fulani daga Chadi har Sanigal, cuta ce kuma da mashaya ke taimaka wa yaɗuwa, tun da a nan garke ke cuɗanya da garke.

Ƙaurar da ya ratsa ƙasarta ba ƙaramin gari ba ce a lokacin. Muhammadu Namoda, ɗan gidan Alibawan Zurmi, shi ya kafa ta a bakin gulbin Gagare. Yana cikin jagororin da suka ci Alƙalawa a 1808, ya kuma rasu a yaƙin Kiyawa ba da daɗewa ba, abin da ya sa har yau sarautar garin Sarkin Kiyawa ce. Da hanyar arewa ta Gundumi ta yi haɗari, Ƙaura ta zama babban zango tsakanin Sakkwato da Kano da Katsina. A nan Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu Babba ya rasu a watan Maris 1891, 'yan watanni kafin Monteil ya wuce. Zurmi kuwa ta fi ta tsufa a tarihi, domin a ƙasarta Dutsi take, mazaunin sarakunan Zamfara na farko.

Da littafin Monteil ya fito a tsakiyar shekarun 1890, hotunan Riou ne a ciki, an kuma rubuta a fili cewa ya yi su ne bisa rubutun Monteil da takardunsa da hotunan wani hafsa dabam, Quiquandon. Riou bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Haka ma manyan hotuna masu launi na littafin Barth, wanda ya fito cikin juzu'i 5 a 1857 da 1858, wani mai zane ne a Jamus, Johann Martin Bernatz, ya gama su daga zanen Barth. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma nan ne bambancin ya fito. Appian ya san tafkinsa da safe da yamma, da rani da damina, ya san wane itace ne ke jefa inuwa ina. Wanda aka ba labari kuwa dole ya cike gurbi da abin da hannunsa ya saba, sai itatuwa su yi tsawon da ba nasu ba, duhuwa ta yi kaurin da Sahel ba ta da shi, Bature ya tsaya a tsakiya, mutanen ƙasa su zama taro a gefe. Ba na zargin gwanintar Riou, gwani ne. Abin da ke damuna shi ne Turai ta fara ganin ƙasarmu ta idon da bai gan ta ba, kuma a daidai lokacin da ake shirin raba ta.

Rabon kuwa a kan ruwa ya tsaya. Yarjejeniyar 14 ga Yuni 1898 ta sa tsinin kamfas a kan Sakkwato ta zagaya da'ira mai nisan mil 100, ta bar wa Ingila duk abin da ke ciki, har da Birnin Ƙonni, ta kuma bar mata Maraɗi. Faransawa suka duba suka ga hanyar da ta rage musu daga Kwara zuwa Damagaram ta bi ta ƙasar da babu ruwa a rani. Rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta 1899 ta yi ta ƙetara layin tana neman rijiyoyi da hatsi, tana ƙone garuruwa, kisan da ta yi a Birnin Ƙonni a watan Mayu na shekarar har yau ba a manta da shi ba. Daga baya Faransa ta matsa a teburin sulhu, a yarjejeniyar 8 ga Afrilu 1904 da ta 29 ga Mayu 1906 aka turo iyaka kudu domin ta samu hanya mai ruwa. Ta haka Ƙonni da Maraɗi da tafkin Madarumfa suka faɗa hannunta, ta haka kuma Zurmi ta zama garin kan iyaka. Tsakanin 1906 da 1908 Kyaftin Jean Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi layin suna kafa alamomi 148 daga Kwara zuwa Chadi. Mutanen Tilho sun yi zane mai yawa, amma na taswira. Kowane tafki da rijiya an sa masa alama, an rubuta ko yana kai wa rani ko yana ƙafewa, saboda ayarin soja ya san inda zai kwana. 'Yan ƙasar da ta koya wa duniya zama a bakin tafki don kyansa, da suka iso namu abin da suka tambaya shi ne raƙumi nawa zai shayar.

Ingila ma ta hanyar Ƙaura ta bi. A watan Fabrairu 1903, bayan faɗuwar Kano, Sarkin Kano Alu yana dawowa daga Sakkwato ya rabu da jama'arsa a Birnin Goga kusa da Ƙaura ya yi arewa, Waziri Ahmadu ya ja sauran har Kwatarkwashi inda ya yi shahada. A Ƙaura rundunar Turawa ta taru kafin ta nufi Sakkwato, wadda ta faɗi a ranar 15 ga Maris. A 1929 layin dogo ya iso Ƙaura daga Zariya ta Gusau, ya tsaya nan. Gyaɗa da auduga suka koma bin jirgi, fatake suka ragu, tafkunan da dā ayari ke kwana a bakinsu suka koma na makiyaya da mutanen ƙauye kaɗai.

Su waɗannan tafkuna sun cancanci a dube su da kyau. Akwai na fadama, waɗanda gulaben Bunsuru da Gagare ke bari a baya idan ambaliya ta janye, su ne ke riƙe shinkafa da albasa da lambunan rani na ƙasar Shinkafi. Akwai kuma kududdufin bayan gari, wanda ramin ginin garin ne: daga nan aka haƙi ƙasar ganuwa da ta soraye, damina ta zo ta cika shi. Girman kududdufi yakan gaya maka girman garin da aka gina da shi. A watan Agusta kainuwa ta rufe rabinsa, bado ya buɗe, kwaɗi su hana barci. Da kaka ruwan ya kwanta ya yi duhu, balbelu su jeru a kan gawo ko marke, inuwarsu na sauka a ciki. Da hunturu ƙura ta shafe nesa, itatuwan ƙetare su zama toka-toka, na kusa su yi baƙi, launi ya ɓace gaba ɗaya. Wanda ya san zanen Allongé, in ya tsaya a irin wannan wuri da safiyar Janairu, zai ga aikin an riga an yi masa rabi. Sannan bazara ta zo, masu tubali su sauka gefe suna kwaɓa, yara su shiga su da koma suna kama tarwaɗa cikin taɓo, ƙasa ta tsattsage, gaiwa ta binne kanta tana jiran ruwan baɗi.

Ban manta da ɗaya fuskar ba. Ruwan nan da mutum da dabba ke sha tare shi ne gidan kurkunu da tsargiya. A ƙidayar 1988 an samu masu kurkunu fiye da 650,000 a Nijeriya, galibinsu manoma da ciwon ke kwantarwa a tsakiyar damina, lokacin da gona ta fi bukatarsu. Da tace ruwa da ƙyalle da haƙa rijiyoyin burtsatse aka kore shi, mutum na ƙarshe ya kamu a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da ƙarewarsa a ƙasar a 2013. Tafkunan Faransa ma ba su da tsarki a zamanin su Rousseau, zazzaɓin cizon sauro ya addabi yankunan fadamarsu irin su Sologne da Dombes har ƙarshen ƙarni na 19. Hoto mai gaskiya yana iya ɗaukar kyan wuri da wahalarsa tare, Millet ya nuna haka da manomansa masu lanƙwasasshen baya.

Gawayi kuwa ba baƙo ba ne a hannunmu. Maƙeri ya san na ƙirya ya fi kowane riƙe wuta. Almajiri ya san yadda ake haɗa baƙin gawayi ko na gindin tukunya da ƙaro a sami tawada mai kama allo, wato ƙura da ƙaro, abu biyun da Faransawa suka haɗa kafin zanensu ya zauna a takarda. Mai zayyana yana da hannun da ke jan layi ba rawa. Yaro kuwa, ba wanda ya koya masa, zai tsinci gawayi a murhu ya zana mota ko doki a bangon zaure. Sai dai hannun gwanayenmu ya tafi ne wajen rubutu da zayyana da adon gini da ɗinkin riga, siffar fili da ruwa ba ta shiga al'adar ba. Wasu kan danganta wannan da addini, amma saɓanin malamai a kan surar mai rai yake. An ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas ya ba wani mai sana'ar zane shawarar ya koma zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Tafki da gawo da giginya suna cikin abin da aka yarda da shi. Ko karatun zane na zamani bai yi nisa da mu ba, tun 1955 sashensa ke Zariya, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma a dā jirgin ƙasan da ke tashi daga Ƙaura a can yake sauka.

Abin da ya sa wannan tarihi ya dame ni yanzu shi ne wuraren suna canzawa da sauri fiye da dā. Gari na faɗaɗa, ana cike kududdufai da shara da leda a yanka filaye a kai, sai damina ta zo ruwan ya rasa mazauni ya shiga gidaje. Buhunan gawayin girki da ake lodawa zuwa birane daga itatuwan da ke riƙe bakin fadama ake ƙona su. Fiye da shekara goma ke nan kuma rashin tsaro ya raba mutanen Zurmi da Shinkafi da Ƙaura da dazuzzukansu. Akwai tafkunan da ke cikin dajin Dumburum da kewayensa waɗanda yaran da aka haifa bayan 2011 ba su taɓa tsayawa a bakinsu ba, iyayensu kuma da suka yi kiwo da su a can suna zaune a garuruwan da suka yi gudun hijira. Su ne suka san sunan kowane ruwa, da watan da yake ƙafewa, da itacen da ke gabas da shi.

Wayar hannu tana ɗaukar hoto, kuma ya kamata a ɗauka. Amma zane yana yin abin da waya ba ta yi. Yana tilasta wa mutum ya zauna sa'a biyu a wuri ɗaya har ya san shi, ana kuma iya yin sa daga bakin dattijon da ya rayu a wurin, yana kallo yana gyara wa mai zanen, yana cewa a'a, tsamiyar ta fi nan kusa da ruwa. Wannan dama ce da Riou bai samu ba. Kayan aikin ba su da tsada. Gwangwanin madara mai murfi, a huda shi ƙaramar huda, a cika da ɓararrun rassa masu kaurin fensir, a tura cikin garwashi har hayaƙi ya daina fita ta hudar, a bar shi ya huce kafin a buɗe. Malamin zane a kowace sakandare ta Ƙaura ko Shinkafi ko Zurmi zai iya yin na aji guda a murhu ɗaya, kududdufin bayan makaranta kuma ya ishe su darasin zangon farko.